Furen da MaBiyela Ta Bar wa Shandu

Eshowe, 9 ga Yuni, 1986

Zuwa ga matata MaBiyela, uwar Sebenzile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Umlazi lafiya, motar ba ta tayar miki da ciwon ƙugun nan ba. Yaya jikin Sebenzile bayan aikin da aka yi mata? Yaya tagwayen? Ki ce ubanta ya ce ta kwanta ta huta, don haka aka kira ki. Ki gaishe mini da surukinmu. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da sanyin bana ya sa a gaba. Kaji suna nan cif, sai jar nan da ta daina ƙwai tun ranar da kika tafi, ban sani ba ko yaji ta yi.

To, kin san ni ba mai son rubutu ba ne, sai da dalili. Kin bar mini makullin ɗaki, kin bar mini kaji, har kin nuna mini inda gishiri yake sai ka ce baƙo. Amma furanninki na bakin idon ruwa, umayime ɗin nan da kika jera a gindin bishiyar malmo, ba ki ce mini uffan a kansu ba. Ranar Litinin ina zaune a ƙofar ɗaki ina shan shayi, sai ga Shandu ya turo ƙyauren shinge, da malafarsa da tabarau da ɗan bokiti. Wai, "Ina kwana, maƙwabci? Zan gangara wurin yaran." Na ce, "Waɗanne yara kuma?" Ya ce, "Na MaBiyela mana. Ta bar mini amanarsu."

Amana! A gidana, a ƙasar da ubana ya bar mini, ni ina zaune da raina da lafiyata, a bar wa ƙato na waje amana. Shayin nan ban ƙarasa shi ba.

Haba, MaBiyela. Shekara arba'in ina cikin rake, goma sha biyar a ciki ni ne shugaban masu sara. Masarata kuwa har daga hayin kogi ake zuwa kallo. Shi fa? Shekara talatin yana durƙushe a lambun wata Baturiya a cikin gari, yana yi wa ciyawa aski da almakashi. Shi ne ya san shuka, ni ban sani ba?

Na sani shi ya kawo miki irin, shekara huɗu ke nan, daga gidan da ya yi aiki kafin a sayar da shi a baje lambun. Na sani kin ce a cikin talatin ɗin nan akwai 'yan kaɗan da za su yi fure ruwan ɗorawa, ba ruwan goro irin wanda ya cika daji ba, kuma bana kike sa ran ganin na fari. Kin faɗa har na haddace. Amma kawo iri ba shi ne mallakar gona ba.

Kuma kada ki ce na manta, don ban manta ba. Shi ya fara tare ki a hanyar rafi kafin ni. Ni na kai shanu goma sha ɗaya gidan ubanki, shi ya koma yana hura hanci. Tun da matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce takalminsa ke ƙyalli, ke ma kin gani.

Ki rubuto ki ce masa ya huta, ni zan duba miki su. Allah ya ƙara wa mai jego lafiya.

Mijinki,
Bhekizitha Dludla

Eshowe, 30 ga Yuni, 1986

MaBiyela,

Ina gaishe ki, ina gaida Sebenzile da 'yan biyunta. Na ji daɗi da kika ce ta fara takawa zuwa tsakar gida. Na ji kuma namijin ya ɗauko goshina, to Allah ya sa ya ɗauko har da ƙarfin. Gwiwa da sauƙi. Putu kuwa, tuwon masarar nan, na dafa sau uku, sau uku yana kamawa, yanzu da madara mai tsami kawai nake rufa masa asiri.

Takardarki ta zo. Na karanta inda kika ce, "Ka bar Shandu ya yi aikinsa, kai hannunka na gona ne." Na sake karantawa ko idona ne. Hannuna na gona ne. To madalla. Da hannun gonar nan aka yi miki rufin kwano.

Sai na ce bari in ga aikin da ake ta zuzutawa. Kwana huɗu ina tsayawa a bayan ayaba ina kallonsa. Kin san abin da yake yi? Ba komai! Ya tsoma yatsa a ƙasa ya sansana. Ya kwaso ruɓaɓɓen ganye ya ƙara tula musu a kai, wurin da ya kamata a share. Ya tsince dodon koɗi ya zuba a bokiti. Sannan ya tsuguna yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Wuri duhu, ƙasa jiƙe sharkaf, rana ba ta taɓa leƙa su ba tun da aka dasa su. Yo ina za su yi fure? Ko rake ka yi wa haka sai ya zama ciyawa.

Ina tsaye a nan sai na tuna bara, lokacin da tsofaffin umayime na kurmin nan masu ruwan goro suka buɗe. Ku biyu kuna tsugune, kanku a haɗe, kuna shafa wa furanni gashin kaza daga wannan zuwa wancan, wai don su yi iri. Gashin ma na zakarana ne. Ya faɗi wani abu, kika yi dariya har da riƙe ciki. Ban yi magana ba a lokacin, amma bari in faɗa yau: abin ya tsaya mini a wuya. Rabon da ki yi mini irin dariyar nan tun Sebenzile tana makaranta.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne na ranar Alhamis. Ya shigo yana murmushi, ya zaro takarda daga aljihun gaba, wai kin rubuto masa. Na hango rubutunki. Shafi biyu, MaBiyela, ciki da baya. Tawa shafi ɗaya ce, rabinta ma maganar kaji. Na ce, "Me aka ce a ciki?" Ya ce, "Af, duk zancen dodon koɗi ne da laima." Na ce, "Dodon koɗin ne ya ci shafi biyu? Ashe yana da dangi."

Ban zage shi ba, kada ya ce miki na zage shi. Cewa na yi ƙafarsa ta gaji da gangaren gidana, ya je ya hutar da ita. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Dludla, gidanka ne, ba ni da ta cewa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka yi musu komai. Ka ji? Komai." Na ce ya tanadi karatunsa ya kai wa Baturiyarsa. Yanzu sarƙa ce a ƙyauren.

Ki kwantar da hankalinki. Za ki dawo ki ga abin da hannun gona yake iyawa.

Naki,
Bhekizitha

Eshowe, 21 ga Yuli, 1986

Uwar Sebenzile,

Barka da ɗawainiya. Ina fata kowa lafiya, manya da ƙanana. An yi addu'a domin tagwayen a coci ranar Lahadi, matan ƙungiyarku duk sun ce a gaishe ki. Shandu yana can layin baya, bai ɗago kai ba, ni ma ban neme shi ba.

Takardarki da kika ce in cire sarƙa ta iso, amma ta tarar aiki ya riga ya kammala, don haka ba sai an wahalar da kowa ba. Zauna ki ji.

Na fara da malmo. Na hau da addata, da gwiwar nan tawa, na sauke manyan rassa biyar na ɓangaren arewa, inda rana take bi. Kai, ki ga yadda haske ya zubo! Yanzu daga ƙofar ɗaki ina hango idon ruwa tar, ba wanda zai tsuguna a wurin ban gan shi ba. Sannan na kwashe ruɓaɓɓen ganyen nan kaf, kwando tara, na ƙone. Na ja 'yar kwata ruwan ya sami hanya, ƙasar ta sha iska. Na bi da fartanya na yi musu huɗa, na ba kowanne tafin hannu guda na takin zamanin da ya rage daga masara. Wurin ya yi fes kamar tsakar gidan amarya.

Sai babban aikin, wanda malamin naki ya shekara huɗu bai yi ba, ko don tausayi ko don rashin sani. Na yi musu cira. Sun cushe, ƙarfafa da raunana duk a haɗe suna ƙwacen abinci. Na duba su ɗaya bayan ɗaya yadda nake duba masara. Ashirin da uku lafiyayyu ne, ganye baƙi-ƙirin don kore, tushensu jaja-jaja, jini a jika. Bakwai kuwa tsumburarru, tushensu fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya, ganyen ma bai kai na sauran ba. Ɗaya har wani kumburi ya fito mata a tsakiya, na ce wannan cuta ce, kafin ta shafa wa 'yan uwanta. Na tumɓuke bakwai ɗin duka.

Ba a yi asararsu ba ma. Ina cikin aikin sai ga MaZungu, tsohuwar nan mai sayar da saiwoyi a bakin tasha, ta biyo ta hanya. Ta ce, "Baba, zubarwa za ka yi? Umayime fa magani ne." Na ce ta kwashe, kyauta. Nan ta zauna a kan dutsen da kike zama ta daddatsa su da wuƙa, ta ƙulle a zane, ta tafi tana sa mini albarka.

Yanzu sauran za su sake, su yi ƙiba. In Satumba ta yi za ki ga ruwan ɗorawarki, kuma za ki gan shi daga hannun mijinki, ba daga hannun mai malafa ba. Ina so in ga fuskarki ranar. A wannan karon in za ki rubuto, shafi biyu nake so.

Mijinki mai hannun gona,
Bhekizitha

Eshowe, 18 ga Agusta, 1986

MaBiyela, matata,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ban san ko za ki amsa ba. Allah ya sa yara lafiya. Kada ki karanta wannan a gaban Sebenzile. Ki nemi wuri ki zauna.

Iskar Agusta mai zafi ta taso mako biyu da suka wuce. Kwana uku tana busawa, rana kuma ta sauka a kan furannin tun safe har la'asar, ba abin da ya tare ta. Ganyen suka fara yin fari, sannan suka yi ruwan ƙasa, suka ƙanƙance kamar an gasa. Na yi ta ɗibar ruwa ina zubawa, ƙasar na shanyewa kafin in juya. Na kafa sanduna na shimfiɗa buhuna a kai, iska ta kwashe. Kwana biyar ina wannan fama ni kaɗai, don girman kai bai bar ni in kira kowa ba.

A rana ta shida na cire sarƙa na je da ƙafata na kira Shandu. Ya ɗauki malafa ya biyo ni. Da ya ga malmo sai ya tsaya cik. Da ya ga ganyen ya ce, "Wannan da sauƙi, saiwar tana da rai, baɗi za su farfaɗo in an rufe su." Har na fara jin sanyi a raina. Sai na ga yana ƙirga da yatsa. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya ce, "Dludla, ina bakwai?" Na ce, "Marasa lafiyan? Na cire su." Sai mutumin nan ya zauna daɓas a cikin taɓo, da wandonsa mai guga.

Ya ce, "Su ne fa. Su ne masu ruwan ɗorawan." Ya ce duk mai jan tushe ruwan goro zai yi, irin na daji. Mai farin tushe shi ne abin da ake nema, haka Allah ya yi shi, a hankali yake girma. Kumburin da na ce cuta ce, ciki ne, furen ne yake tahowa. Saura mako shida.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ta gaya maka, ina wurin. Ka ce a bar ka da zancen ciyawa, kana jin labarai a rediyo." Na so in ƙaryata shi. Amma na tuna ranar, har rigar da kika sa, shuɗiyar nan mai farin wuya.

Ban tsaya ba, na kama hanyar tasha da gwiwar nan. Na sami MaZungu a kan buhunta. Ta ce, "Ai Baba sun bushe tuni, sun ma ƙare, masu jego sun saye." Ta lalubo ƙasan kwando ta zuba mini ɗan guntun da ya rage a tafin hannu, kamar ɓawon rogo. Shekara huɗunki ke nan a hannuna. Ina tsaye a tsakiyar tasha, yaran mota na ture ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ba zan ce kuskure ba ne kawai, don ƙarya ce. Da na hau bishiyar nan ba furanni nake tunani ba. So nake in riƙa hango wanda ke tsugune kusa da ke. Kishi ne, MaBiyela, kishi tsagwaronsa, ga furfura har a gira. Kin ce hannuna na gona ne, gaskiya kika faɗa, ni ne ban so ji ba.

Na kwaso ganye daga kurmi na mayar musu, kwando goma sha biyu. Na toshe kwatar. Shandu ya nuna mini yadda zan yi rumfar kara. Abin da ya rage zai rayu, amma kin san launin da zai yi.

Ki yi mini faɗa, ki rubuto ko zagi ne.

Bhekizitha

Eshowe, 10 ga Satumba, 1986

MaBiyela,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Wannan a hannun direban motar Laraba zan ba da ita, don ta riga ki tasowa. Mako uku ina zuwa gidan waya, ba komai. Jiya sai ga layi biyu daga Sebenzile, wai Mama za ta taho ranar Asabar, a tare ta a tasha. Ko gaisuwarki babu a ciki. Na karɓa, ni na jawo.

Akwai abin da nake so ki sani kafin ki sauka. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci Shandu ya kama hannun rigata ya ce in zo in ga wani abu. Rabona da shiga gidansa tun ranar jana'izar matarsa. Ya zaga da ni bayan ɗaki, inda ruwan tankinsa ke ɗiga a gindin ɓaure. Ga shi nan. Guda ɗaya, a cikin ruɓaɓɓen ganye, ya ɗago kai ya buɗe. Na ƙirga, fure goma sha huɗu a kan kara ɗaya, launin man shanu sabon kaɗi, can cikin kuma ya fi duhu kaɗan. Na shekara sittin da biyar ina wuce umayime a daji ban taɓa tsayawa ba. Wannan na tsaya. Yana da kyau, MaBiyela. Ashe abin da kike jira ke nan.

Na ce, "Ina ka samo?" Ya ce, "Takwas ne masu farin tushe, ba bakwai ba. Makon da aka binne matata, matarka ta kawo mini wannan a gwangwani, ta ce in sami abin da zai riƙa fitar da ni daga ɗaki da safe." Ya ce wanda ya fi duka ƙarfi kika zaɓa masa.

Shekara uku, ba ki taɓa gaya mini ba. Na buɗe baki zan yi irin halin nawa, sai na tambayi kaina, da kin gaya mini da me zan ce? Na sani, ke ma kin sani. Na rufe bakina.

Ya ce naki ne, in fure ya zube zai haƙo ya kawo miki. Mutumin nan da na ɗaure wa ƙyaure da sarƙa. Kin san amsar da na ba shi? Na ce ya bar shi inda yake. Ba don zuciya ba. A gidana babu inuwar da zan sa shi. Malmo sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya rufe, rumfar kara kuwa iska ɗaya ce. In ya zo wurina mutuwa zai yi. Da bakina na faɗi haka, a tsakar gidan Shandu, yana tsaye yana ji.

To ga yadda abin ya tsaya. Fure ɗaya ne ya rage mai ruwan ɗorawa, yana bayan ɗakin Shandu, kuma ni na mayar da shi can da addata. Ya ce zai yi mako biyu a buɗe, ko uku in an yi sanyi. In kin sauka ranar Asabar kin huta, Lahadi da la'asar ni zan raka ki, in ɗaukar miki kujera saboda ƙugunki. Bayan nan ki je duk ranar da kika ga dama, ba sai kin tambaye ni ba. Ba zan ce ba zan ji zafi ba. Zan ji, kullum.

Abu ɗaya nake roƙo, in har yanzu ina da bakin roƙo. Ranar da za mu je, kada ki sa shuɗiyar rigar nan mai farin wuya.

Zan kasance a tasha tun motar farko.

Mijinki,
Bhekizitha Dludla